Barista Ashiru Ya Kai Shanu Kotu

Allah ya yi wa Gwandu baiwa da malamai tun zamanin da, amma sai a zamaninmu ya cika mata ni'ima da lauya. Ina nufin Barista Ashiru mai baƙar kwat, wanda ko a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki saboda zafi, ba ya cire ta. Baƙo in ya gan shi yana tsiyayar gumi zai ce wahala yake sha. Mu da muka san shi mun san nauyin ilimi ne.

Masu baƙin ciki suna cewa wai bai taɓa leƙa makarantar lauyoyi ba, wai jaka kawai ya riƙa ɗaukar wa wani lauya a Abuja, yana goge mota, yana sayo ruwan sanyi. To sai me? Jakar nan ba doka ce a cikinta ba? Mutumin da ya yi shekaru yana rungume da doka a ƙirjinsa daga mota zuwa ƙofar kotu, in ba a kira shi barista ba wa za a kira? Gaskiya ne a ƙofar yake tsayawa, maigidan ya karɓi jakarsa ya shige. Amma kotunan Abuja suna da taga, kuma Allah ya hore wa Ashiru kunne.

Da ya dawo gida sai ya dawo da Hausar rediyo. "Munka" da "sunka" da aka yaye shi da su duk ya baro su can. Ya buɗe ofis a gindin darbejiyar da ke kusa da tasha, wato benci biyu da ya ara wurin mai shayi. 'Yan kabu-kabu suka laƙaba masa Bisa-Ƙa'ida, domin ba ya buɗe baki sai da ita. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "Bisa ƙa'ida, lafiya lau." Ya ji sunan, ya ɗauka yabo ne, har yana amsawa.

Fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tsara ƙara. Kullum da la'asar, in majalisa ta cika, sai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya fara karatu.

"Jama'a, ƙara ba kuka ba ce. Jahili zai shiga kotu yana an cuce ni, an cuce ni. Kai wane ne? Wa ya cuce ka, ina yake zaune? Mene ne abin, ina yake, yaya kamanninsa? Da wane dalili ya zama naka? Me kake so alƙali ya yi maka? In ba ka jera waɗannan ba, ko hawayenka sun cika randa alƙali ba zai ɗaga kai ba. Ni da idona, ta taga, na ga an kori ƙarar attajiri mai jirgin sama saboda bai iya faɗin abin da yake nema ba."

Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa. Ya haddace ta tsaf. Sai dai har zuwa lokacin da nake ba ku labari ba a samu mutum ɗaya da ya damƙa masa ƙararsa ba. Ana sauraro, a sha shayi, a watse, mai rigima ya tafi wurin mai unguwa a sasanta shi. Barista kan ce wannan alama ce ta cewa garin bai waye ba tukuna.

Mahaifinsa, marigayi Malam Usman, ya bar musu gona a wajen Diggi, can ƙasar Kalgo, shi da yayarsa Laraba. Laraba a Diggi take zaune, mijinta ya rasu, ga yara a gabanta, kuma daga gonar nan tuwonsu yake fitowa. Gonar jigawa ce, farin rairayi, wadda in ba ta sha taki ba gero a gwiwa yake tsayawa. Abin da ya riƙe ta tun farko shi ne shanun wani Bafulatani mai suna Sambo. Kowace shekara, da an gama girbi, Malam Usman kan ɗauki goro da damin gero ya nufi ruga, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma. A gaisa, a tambayi yara da dabbobi, a sha nono, sannan ya ce, "Sambo, bana ma a taimaka a sauka wurina." Sai Sambo ya kaɗo garkensa ya sauka a gonar har ƙarshen rani. Shanu su ci kara, su kwana, su bar abin da shanu ke bari. Kafin ruwa ya sauka rairayin nan ya yi baƙi. Babu takarda, babu shaida. Zuwan da zaman tabarmar su ne dukan yarjejeniyar.

Shekarar da Malam Usman ya rasu, da aka kwashe amfani, Laraba ta je rugar da kanta. Sambo ya karɓe ta hannu biyu, ya ce ɗiyar Usman ɗiyarsa ce, amma Usman ya bar namiji, kuma yana son ya ga fuskarsa. Sai ta buga wa ƙanenta waya. Barista yana tsakiyar majalisa, don haka ya buɗe muryar wayar kowa ya ji yadda ake nemansa daga wasu ƙananan hukumomi.

"Ashiru, an gama girbi," in ji Laraba. "Ka taho ka gaida Baffa Sambo, ka roƙe shi shi sauka gonarmu. Kai yaka jira."

Nan da nan ya rufe muryar, ya matsa gefe. "Yaya, bisa ƙa'ida, abin da aka saba yi shekara da shekaru ya zama haƙƙi, haƙƙi kuwa ba a roƙonsa. Ni in cire takalmi in zauna a ƙasa cikin ƙudaje in roƙi wannan abin da kike nufi? Ai shanun ne ya kamata su san hanya." Ya kashe waya, ya dawo ya gaya wa majalisa cewa wata harkar filaye ce ta taso.

Sambo ya jira, bai ga kowa ba. Ana nan sai Malam Yusufa, wani malamin firamare mutumin Zuru mai gona jikin tasu, ya hau babur ɗinsa da ƙullin goro, ya je ya tuɓe takalmi ya zauna. Sambo ya kaɗa shanu ya sauka a gonar Malam Yusufa.

Laraba ta sake bugowa tana kuka, tana cewa in gonar nan ba ta samu taki ba bana, ba ta san abin da za ta ba yara ba. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin fuskar Barista ta yi haske irin na ranar ba. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani yana son yayarsa. Amma mutum ya daɗe yana jiran ƙara, ga ta Allah ya kawo har gida, kuma tasa ce ta kansa, babu mai ƙwace masa.

"Share hawayenki, Yaya. Kotu za ta kaɗo shanun nan da kanta."

Washegari ya tare a shagon buga takardu. A tsaye yake shifta, hannu ɗaya a aljihu, mai buga na'ura na bin sa. Shafukan farko duk bayanin mai ƙara ne, tunda doka ta ce mai ƙara ya bayyana kansa: unguwannin da ya zauna a Abuja, manyan mutanen da ya gaisa da su, da waɗanda saura kaɗan ya gaisa da su. Da aka zo kan waɗanda ake ƙara ya sa Sambo a farko, sannan shanunsa gaba ɗaya, manya da ƙanana, har da waɗanda ke ciki ba a haifa ba, don kada wani ya zille.

A kan abin da ake nema ne aka samu tsaiko. Duk Gwandu ta ɗauka rigimar fili yake yi da manya. Yaya za a ji cewa Barista guda, da kwat ɗinsa, ya shiga kotu neman abin da saniya ke yarwa a bayanta ba ta ko waiwaya? Ya zaga shagon, ya dubi rufi, ya sha ruwa. Can basira ta sauko. Ya ce a rubuta: "wata ni'ima ta musamman mai fitowa daga dukiyar wanda ake ƙara." Mai buga na'ura ya tambaya ko nono yake nufi. Barista ya ce masa ya tsaya a kan aikinsa.

A Gwandu ya fara kai takardar, domin a ganinsa ƙarar mutum irinsa a tsohon gari ya dace a saurare ta, kusa da masoyansa. Magatakarda ya juya shafuka, ya tambaye shi ina gonar take. Ya ce Diggi. Ina wanda ake ƙara yake zaune? Ya ce Diggi. Magatakarda ya miƙo masa kayansa, ya ce to ai wannan ta Kalgo ce, nan ba su da hurumi. Barista ya fito ya tarar da 'yan majalisa suna jira a bakin ƙofa.

"Kamar yadda na zata," in ji shi, "sun ce ta fi ƙarfin nan."

Zuwa Kalgo kuma ba abin gaggawa ba ne ga mai daraja. Sai da aka kai kwat wanki da guga, aka jira ta. Sai da aka sake wa takalmi ƙasa. Sai da aka sake buga shafin farko saboda ya tuno wani babban mutum da ya taɓa buɗe wa ƙofar mota. Duk wannan lokacin shanun Sambo suna gonar Malam Yusufa suna aikinsu safe da yamma, ba hutu. Laraba na bugo waya, yana ce mata shari'a ba a yi mata garaje.

Ranar da aka zauna a Kalgo, alƙalin dattijo ne mai farin gemu da tabarau, irin mutanen da haƙuri ya zame musu jiki. Sambo ya amsa sammaci, ya zo da sandarsa da malafarsa, ya zauna. Laraba tana can baya wajen mata. Barista ya miƙe, ya rusuna irin na Abuja, ya gaida alƙali da Turanci, ya ce, "Mai Lod."

"Allah gafarta malam ma ta isa," in ji alƙali. "Faɗi ƙararka."

Ya buɗe takarda ya fara. Ya bi ta unguwannin Abuja ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho da ya zo shari'ar akuya ya yi barci har ya farka, Barista bai baro Abuja ba. Da alƙali ya ga azahar na matsowa sai ya ɗaga hannu.

"Malam Ashiru, mun ji tarihinka, Allah ya ƙara ɗaukaka. Me kake nema wurin wannan dattijo?"

"Ni'ima ta musamman, Allah gafarta malam, kamar yadda yake a shafi na ƙarshe."

"Ci ake yi, ko sha, ko sawa?"

"Ana dai zubawa."

"A ina?"

"A inda ya dace."

Alƙali ya gyara tabarau. Ya yi masa bayani a hankali cewa kotu ba ta hukunci a kan abin da ba a san ko mene ne ba, dole mai ƙara ya ambaci abin da sunansa. Ya ce kuma a cire shanu daga cikin waɗanda ake ƙara, domin kotu ba ta da ma'aikacin da zai kai wa saniya sammaci, balle ɗan da ke cikinta. Tunda kuma maganar ta shafi gona, a zo da iyakokinta gabas da yamma, kudu da arewa. Wato dai karatun da Barista ke yi wa mutane kullum a gindin darbejiya, shi aka maimaita masa, yana gyaɗa kai kamar mai duba ko alƙalin ya iya. Aka ɗaga zama. Da ya koma Gwandu ya sanar cewa alƙali ya nemi lokaci don ya yi nazarin takardar, saboda zurfinta.

Saura iyakoki. Rabon Barista da gonar nan tun yana yaro, lokacin da ciwon ciki kan kama shi duk ranar noma. Laraba tana nan cikin Diggi, kiran waya ɗaya ya isa ta zo ta nuna masa. Amma lauya ba ya tambayar hanyar gonarsa. Ya hau kabu-kabu da rana tsaka, lokacin da shanu suka tafi shan ruwa, ya sauka ya tsaya tsakanin gonaki biyu. Ɗaya fara fat, tsirara, ko ciyawar kirki babu. Ɗaya baƙa, mai laushi, tana ƙamshin albarka. Bai ɓata lokaci ba. Mutum irinsa ai an san wadda za ta zama tasa.

Ya shiga baƙar da biro a hannu. Takun farko takalminsa ya nutse cikin ni'ima ta musamman, sabuwa, mai ɗumi. Wani zai tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi gonar da aka hana wa shanu ta cika da wannan. Barista ya rubuta cewa ga alama an fara biyan haƙƙi a ɓoye saboda tsoron shari'a. Ya zaga ya ɗauki iyakoki, ya goge takalmi da kara, ya koma gida yana murmushi.

Kafin zama na gaba rani ya yi nisa, zafi ya tsananta, har an fara ganin gajimare jefi-jefi. Barista ya miƙe a gaban alƙali ya karanta da murya mai kauri:

"Gonar mai ƙara ta yi iyaka da tsamiya daga gabas, da burtali daga yamma, da rijiya daga kudu. Daga arewa kuma ta yi iyaka da wata matacciyar gona ta wani malalaci da bai san darajar gadon ubansa ba."

Alƙali ya juya wurin Sambo, ya tambaye shi ko ya san wannan gona.

"Na san ta, Allah shi gafarta malam. Shanuna na cikinta tun kaka. Ta Malam Yusufa ta."

"Matacciyar ta arewa fa?"

"Ita ta ta Usman, Allah shi jiƙan shi. Uban wanga yaro."

Kotu ba wurin dariya ba ce, amma ranar sai da ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya fita waje ya dafa bango. Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska. Barista ya yi gyaran murya ya ce wannan kuskuren mai buga na'ura ne, kuma zai ɗauki mataki a kansa.

"To mun samu gonar," in ji alƙali, "ko da yake ta bayan gida muka shigo ta. Yanzu faɗi abin da kake nema. Da bakinka, ba da takarda ba."

Barista ya dubi taga. Ya dubi ƙofa. Ya sassauta murya yadda ko na kusa da shi bai ji ba, sai da aka ce ya ɗaga.

"Taki."

"Na buhu?"

"Na shanu."

"Wato kashin shanu."

"Bisa ƙa'ida, ana iya kiransa haka."

Alƙali ya rubuta, ya ce alhamdu lillahi, yau an san abin da ake nema. Saura dalili. Sambo ya yi maka alkawari bana ya saɓa? Barista ya ce alkawarin na gado ne. Alƙali ya ce ba wannan ya tambaya ba. Ka je ka nema ya hana ka? Barista ya ce a iya saninsa nema ba ya cikin sharuɗɗan ƙara. Alƙali ya ce yana ciki mana, domin ba a cewa mutum ya hana abin da ba a taɓa nema wurinsa ba, balle abin da dama kyauta ce da mutunci.

Nan Sambo ya nemi izini ya yi magana. Bai dubi alƙali ba, Ashiru ya duba.

"Ubanka abokina na. Tare munka yi ƙuruciya. Tun randa munka rufe shi ban sake ganin ka ba, sai takarda anka kawo man wai ka kai ni ƙara, ni da shanuna. Na ji zafi, ba ni ɓoyewa. Amma ko yau ka ce Baffa ka sauka gonarmu, gobe in kaɗo su, ko goro ban so. Sai dai ka yi sauri. Gabas ta fara baƙi, kuma ruwa na sauka shanu na barin gonaki, mutane shuka za su yi."

Alƙali ya ajiye biro ya ce wannan shi ne sulhu, kuma ya fi kowane hukunci da zai iya yankewa. Ga ka ga shi, Malam Ashiru, faɗa masa a wuce wurin. Daga can baya aka ji muryar Laraba: "Ashiru, don girman Allah ka faɗi. Ko kwana kaɗan sunka yi, mun samu na tuwo."

Barista ya miƙe. Ya gyara wuyan kwat. Ya buɗe baki, kuma na rantse har leɓensa ya haɗu zai ce Baffa. Sai idonsa ya faɗa kan 'yan majalisa biyu da suka biyo shi daga Gwandu suna leƙe ta taga.

"Allah gafarta malam, buƙata mai nauyi irin wannan ba a gabatar da ita da ka. Ina roƙon kotu ta ba ni lokaci in tsara ta a rubuce, in kai wa wanda ake ƙara har mazauninsa, bisa ƙa'ida."

Alƙali ya cire tabarau ya dube shi. Sannan ya ce Allah ya sauwaƙe, ya kira ƙara ta gaba. Sambo ya ɗauki sandarsa ya fita. Laraba ta wuce ƙanenta, ta nufi tasha ita kaɗai.

Tsara roƙon ya fi tsara ƙarar wuya. Kalmar Baffa kaɗai ta ci kwanaki, domin Barista na tsoron kada a ɗauke ta a matsayin amsa laifi. A ƙarshe ya yarda a sa ta, amma a biyo ta da bayanin cewa mai roƙo bai janye ko ɗaya daga cikin haƙƙoƙinsa ba. "Don Allah" kuma aka mayar da ita "ana shawartar". Aka buga, aka gyara, aka sake bugawa a farar takarda mai kauri. Ranar da aka gama, da hantsi, yana tsaye a ƙofar shago yana busa tawadar sa hannunsa, sai iska ta taso, hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Barista ya ɓoye takardar cikin kwat, ya ce Allah ya taimake shi ba ta jiƙe ba.

Washegari ya ɗauki shatar ƙaramar bas, ya cika ta da 'yan majalisa da mai shayi da duk ɗan kabu-kabun da ba shi da fasinja, don su ga yadda ake miƙa buƙata a ilimance. A hanya ya yi musu bayanin inda kowa zai tsaya, da cewa shi ba zai tuɓe takalmi ba, sai dai ya sassauta igiya.

Suka isa inda garken yake. Babu saniya, babu maraƙi, babu Sambo. Sai turaku da toka da sawun kofato da suka nufi daji. Malam Yusufa yana cikin baƙar gonarsa da iyalinsa suna shuka, ya ɗago hannu ya yi musu barka da ruwa. Can gefe, a kan burtali, ga Laraba a duƙe da babban daro, tana tsintar abin da shanu suka zubar a hanya da za su tafi, ruwa ya jiƙa shi ya yi laushi. Abin da ta tara a bakin farar gonar bai isa ko kusurwa ɗaya ba.

Barista ya tako a hankali yana tsallake taɓo. "Yaya, ina wanda ake ƙara? Na zo da buƙatar."

Ta miƙe ta dube shi. Idonta ya yi ja, amma kukan ya ƙare. Ta miƙo hannu, ya ba ta takardar yana cewa ta yi hankali da shafin farko. Ta naɗe ta, ta murɗa, ta lanƙwasa ta yi gammo da ita, ta ɗora masa a ka.

"Duƙa."

Muryar da ta goya shi da ita ce, ta yi masa wanka, ta kora shi makarantar allo. Kafin ya tuna shi barista ne gwiwoyinsa sun riga sun lanƙwashe. Ta ɗaga daron ta aza masa. Ya miƙe yana tangaɗi, wani koren ruwa ya fara bin gefen daro, ya sauka ta bayan kunnensa, ya shige wuyan kwat.

Mutanen Gwandu suna tsaye jikin bas suna kallo. Hanyar gonar kuma ta gabansu ta bi. Da ya zo daidai su sai ya tsaya, ya daidaita daron da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a aljihu.

"Kada ku yi mamaki, jama'a. Shaida ce nake tattarawa. A manyan shari'u lauya da kansa yake ɗaukar shaida, ba ya ba kowa."

Mai shayi ya ce Allah ya ba da sa'a. Daga bayansa Laraba ta riga ta sake duƙawa tana tsinta.

"Juye ka dawo da daron, Barista," in ji ta. "Shaidun na da yawa, har bakin rijiya sunka kai."